Igiyar Ƙasa a Ƙasar Ruwa

Babban birnin Bangaladash sunansa Daka, kuma wallahi ya ci sunansa, don mu dai sai da ya daka mu lilis. Ni da yayana Arzika muka je. Shagon tufafi gare mu a kasuwar Illela, rabin masu cinikinmu mutanen Ƙonni ne da ke tsallako iyaka ranar kasuwa. Duk singileti ko wandon da ka juya wuyansa, sunan ƙasar nan za ka gani rubuce. Wata rana Yaya ya ɗaga wata riga ya ce mini, "Ladan, don mi za mu zamna muna sayen ruwa ga 'yan garuwa, alhali ga sunan rijiyar nan ga wuyan riga?" Ni ba na musu da Yaya. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni makaranta, shi ya yi mini aure. Ko wuta ya ce mu shiga, iyakata in tambaye shi ta wace ƙofa.

Abin da ya fara kashe mini jiki a Daka shi ne mutane. Ni da nake ganin kasuwar Illela ta kai maƙura wajen cika, ashe ban ga komai ba. Ba inda za ka ajiye ƙafa ba ka taka ta wani ba. Ga kekuna masu ƙafa uku da mutum ke tuƙawa yana jan mutane, ga ƙarar ƙahon motoci ta ko'ina, ga wani zafi mai ɗanko wanda ko ka yi wanka kafin ka sa riga ka sake jiƙewa. Kallo kuwa ba a magana. Mun sha shi har mun ƙoshi. Wani ya zo ya tsaya gabanka ya buɗe baki, wani ya jingina da kafaɗarka ya ɗauki hoto ko sallama babu. Wani yaro har shafa hannun Yaya ya yi ya duba tafinsa, ko baƙin zai goge.

Abinci kuma shinkafa da safe, shinkafa da rana, shinkafa da dare, da miya mai yajin da ke sa kunne ƙara. Yaya mutum ne da bai iya wuni ba fura ba. Sai ya zauna ya tasa faranti a gaba ya ce, "Wai su mutanen ga ba su san gero ba? Mi sunka yi wa Allah?" Ni dariya nake yi masa, amma ni ma da na rufe ido ƙwaryar furar Inna nake gani, da nonon Fulanin Gidan Katta a kai.

Wanda ya tarbe mu wani dillali ne mai suna Rafik, a waya suka san juna da Yaya. Ya yi aiki a Makka shekaru, saboda haka yana jin Larabcin kasuwa irin wanda Yaya ke ji. Ga tabon salla a goshi, ga tasbaha, bai buɗe baki sai da "Hajji, Hajji". Ya kai mu masauki, ya nuna mana samfurin kaya masu kyan gaske, ya ce masaƙar tana ƙauye ƙetaren kogi, shi ya sa take da araha. Na ɗan ja Yaya gefe na ce, "Yaya, mu ga wurin tukuna kafin a ba shi komai." Ya harare ni ya ce, "Mutum da tabon salla awa wanga kaka zargi?" Aka ba shi kafin alƙalami, kuma ba kaɗan ba.

Muka shiga mota, muka sauka, muka shiga jirgin ruwa. Kogin nan suna ce masa Padma, ni da Yaya muka mayar da shi Fadama. Jama'a, ruwa! Ni babban ruwan da na sani a duniya tafkin Kalmalo ne, shi ma daga baki nake gaishe shi. Wannan kuwa ba ka hango ɗaya gaɓar. Ban iya iyo ba, Yaya bai iya ba. Na riƙe katakon jirgi har yatsuna suka sage, ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Muka sauka a wata 'yar kasuwa ta bakin ruwa. Rafik ya zaunar da mu wurin wani mai shayi, ya saya mana shayi da biskit, ya ce mu jira ya kira mai masaƙa. Azahar ta yi, la'asar ta yi, magariba ta yi. Muka kira wayarsa, a kashe. Har yau da nake wannan rubutu Rafik bai dawo daga kiran mai masaƙa ba. Allah Ya isa, ban yafe ba, kuma ba na jin kunyar faɗi.

Limamin wurin, wani tsoho siriri mai gemu ja da lalle, shi ya ga mun rasa inda za mu sa kanmu. Bai tambaye mu komai ba, ya shimfiɗa mana tabarma a barandar masallaci, ya aiko da shinkafa da kifi daga gidansa. Fasfo ɗinmu na nan, da ɗan guzurin da Yaya ya ɗinke a ƙugun wando. Na ce mu koma Daka mu nemi hanyar gida. Ina! Yaya ya ce shi ba ya komawa Illela hannu rabbana 'yan kasuwa su yi masa dariya, ko Rafik ya dawo ko shi ya gano masaƙar da kansa. Haka muka yi ta zama a bakin ruwa muna kallon kowane jirgi da ya tsaya.

Magana da mutane kuwa sai ta waya. Akwai abin fassara a cikinta, in na yi Hausa ta mayar da yarensu, in sun yi nasu ta ba ni wata karkatacciyar Hausa da sai na yi tunani kafin in gane. Da ita muke sayen abinci, da ita muke tambayar alƙibla.

Ranar kasuwar wurin ne na fara ganin mutanen da ake kira Bede. Ba Baden Gashuwa ba, waɗannan wasu ne daban. Tun da safe na ga ƙananan jirage sun jeru can gefe, nesa da na kowa, kowanne da rumfa mai lanƙwasa a kansa. A ciki suke girki, a ciki suke kwana, ga shanya, ga kaji, ga jarirai an ɗaure musu igiya a ƙugu don kada su faɗa ruwa. Mazan na zaune suna gyaran komar kamun kifi. Matan ne suka fito, kowacce da ƙunshi a ka da ƙaramin akwatin katako a hammata.

Wata daga cikinsu ta zauna daidai gabanmu. Za ta yi sa'ar Inna ko ta gaza kaɗan, baƙa siririya, haƙoranta ja wur saboda wani ganye da suke taunawa kamar goro. Ta buɗe akwati ta ƙwanƙwasa gefensa, sai ga maciji ya miƙe ya fasa kai, irin kumurcin nan. Ta riƙa juya gwiwa da dunƙulen hannu a gabansa tana wata waƙa ta hanci, shi kuma yana bin hannun. Mutane suka kewaye ta suna jefa tsaba. Da ta rufe akwatin sai ta kwance ƙunshi, na leƙa, me zan gani? Ƙaho! Ƙahon saniya sak irin na wanzamanmu, da saiwoyi, da layu. Nan take ta kafa wa wani tsoho ƙaho a gwiwa ta tsotsa. Allah Sarki, sai na ji kamar ina tsakiyar kasuwar Illela, idona ya kawo ruwa.

Yaya kuwa tsaki ya ja. Da ta zo zagayen karɓar kuɗi ta miƙo masa akwatin daf da fuska, ya yi tsalle ya koma baya har hularsa ta faɗi. Ya daka mata tsawa, "A'uzubillahi! Gardi mace? Tahi can, kin ji ko!" Ta dube shi sama da ƙasa, ta tofar da jan yawu gefe, ta wuce abinta. Mai shayi ya karɓi wayata ya yi magana a ciki, wayar ta ce mini: mutanen ruwa ne, ba su da ƙasa, kada ku kula su, ko sun mutu ba mai ba su wurin kabari, kogi suke ba gawarsu. Ko gaskiya ya faɗa ko ƙiyayya ce, ban sani ba. Amma na ga maganar ta shiga Yaya, don ya daɗe yana kallon jiragen.

Kashegari wani ya ce mana ai akwai wurin da ake ɗinka riguna can bayan gonakin shinkafa. Yaya ko shayi bai tsaya sha ba. Muka kama hanya da hantsi, muna bin 'yan siraran kunyoyin da ke raba gona da gona. An yi girbi, ga tarin kara ko'ina. Yaya na gaba da silifas, yana ta faɗan abin da zai yi wa Rafik in ya kama shi. Kasuwa ta ɓace mana a baya, ba kowa sai balbelu.

Sai na ji wani huci kamar tayar babur na sacewa. Yaya ya ce, "Wash!" ya dafe ƙafa. Na gan ta da idona tana janyewa cikin kara, kakkaura, ruwan ƙasa, da zane a bayanta zobe-zobe kamar sarƙa. Na buɗe baki zan yi ihu, Yaya ya damƙi wuyan rigata ya toshe mini baki da tafinsa.

"Kak ka kira sunanta," in ji shi. "Ka ji ni? Ko da wane harshe. Rantse!"

Na rantse. Wanda ba ɗan wajenmu ba zai ce wauta ce, to bari in faɗa masa. In ana zaune lafiya kowa na faɗin sunan abin nan. Amma da zarar ya taɓa mutum, an daina, sai dai a ce igiyar ƙasa, don an ce in ya ji sunansa dafin tashi yake ya hau zuciya. Mu kuma a gidanmu abin ya wuce faɗa da baki. Ƙanen mahaifinmu a gona ta taɓa shi a Lafani, wani ya ruga cikin gari yana shelar sunan, kafin la'asar an yi masa sutura. Da wannan labarin aka yaye mu.

Na ja shi gindin wata bishiya, na ɗaure masa ƙafar tamau da mazagin wandona a ƙasan gwiwa. Huda biyu ne a saman idon sawu, jini na tsattsafowa bai tsayawa. Ya gwada miƙewa ya kasa. Yaya ƙato ne, ni kuwa ga ni kamar sillen kara, ba yadda zan ɗauke shi. Na ce, "Yaya, za ni in nemo mutane." Ya ce, "Tahi. Amma ka tuna ka rantse."

Ban san na iya gudu ba sai ranar. Na faɗa cikin laka na tashi, takalmi ɗaya ya tsaya a can, riƙe da wando a hannu don ba mazagi. Na iso tashar jirgi ina haki, na ciro waya na ce, "Ku taimaka, igiyar ƙasa ta taɓa ɗan'uwana!" Waya ta yi musu yare. Mutane suka dubi juna. Na sake faɗi, ta sake yi. Wani ya dubi wandon da nake riƙe da shi ya ƙyalƙyale da dariya, ya shiga rumfarsa ya fito mini da igiya. Igiya fa, ta rama, sabuwa dal!

Na yar da ita na ce, "Ba wannan ba! Igiyar ƙasa! Ta ƙasa!" Ina nuna ƙasa, ina nuna gonaki, ina wulwula hannu. Wani ya zaci jirgi nake son ɗaurewa, ya kawo wata mai kauri. Wani ya ɗauka saniya ce ta tsinke. Suka taru a kaina suna ta shawara da yarensu, yara na kwaikwayon hannuna suna dariya. Na kama hannun mai shayi ina ja, ya fizge, ya ɗauka haukacewa na yi. Kalma ɗaya ce tsakanina da su, tana nan kan harshena, na san ta da Hausa na san ta da Turanci. In na faɗa, na kashe Yaya da bakina. In ban faɗa ba, yana can shi kaɗai jini na zuba. Wallahi ban taɓa shiga tsaka mai wuya irin ta wannan lokacin ba, sai kawai na fashe da kuka, gardin namiji da ni, a tsakiyar kasuwa.

Sai na ji an taɓa mini gwiwar hannu. Matar nan ce mai jan haƙori, da ƙunshinta a ka da akwatinta a hammata. Ta nuna wayar, alamar in sake. Na sake. Ta karkata kai ta saurara, ta ce wata kalma a hankali, "Lota?" Ban gane ba. Sai ta juya wa mutane baya, ta ɗaga murfin akwatinta kaɗan, iya yadda ni kaɗai zan ga abin da ke naɗe a ciki, ta nuna shi da haɓa, ta rufe. Ta kafe ni da ido. Na gyaɗa kai kamar wuyana zai cire. Daga baya na ji ashe su ma ba su cika kiran sunan ba in abu ya faru, kalmar da ta faɗa tana nufin irin tsiron nan mai yaɗo. Mu igiya, su yaɗo.

Ta juya ta ƙwala kira wajen jiragensu da wata murya da ban zaci tana da ita ba. Maza biyu suka taso da gudu, ɗaya mijinta ne. Su kuma 'yan kasuwa da suka ga haka sai suka gane, aka ɗunguma aka biyo mu.

Muka tarar da Yaya ya jingina da bishiya, gumi ya jiƙa shi sharkaf, ƙafar ta kumbura ta yi sulɓi. Yana ɗaga ido ya ga wadda ke gaba, sai ya fara ja da baya da gindi. "Ladan, mi na haka? Mace? Ba ka san mace ba ta kusantar wanda igiyar ƙasa ta taɓa ba? Kuma wagga?" Na durƙusa na ce, "Yaya, don girman Allah ka yi haƙuri. Duk garin ga ita ɗai ta gane." Ita ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce bisimilla, ta kama ƙafar ta ɗora a cinyarta kamar ta ɗanta.

Ta kwance ƙunshi ta ciro ƙaho. Na ji sanyi a raina, na ce to yanzu za a zuƙe dafin. Mutane suka matso, an samu abin kallo. Amma sai ta tsaya. Ta dangwali jinin da yatsa ta murza, ta duba. Ta kama haɓar Yaya ta buɗe masa baki da ƙarfi, sai na ga dasashinsa na fitar da jini. Ta dube ni, ta sa yatsa a ƙasa ta zana zobe, ta zana wani manne da shi, ta zana na uku. Na ce, "Ita ce! Ita ce, Gwaggo!" Ban san lokacin da na fara ce mata Gwaggo ba.

Sai ta mayar da ƙahon cikin ƙunshi ta ɗaure.

Na kama hannunta ina roƙo, na ciro duk kuɗin da ke aljihuna na tura mata. Ta ture. Mijinta ya yi mata magana da faɗa-faɗa, yana nuna kuɗin yana nuna taron. 'Yan kallo suka fara sowa, wani ya yi mata gwalo, na ga alamar cewa suke ashe dai ƙarya ce sana'ar. A gaban mutanen da take ci da su ranar kasuwa ta yarda aka yi mata wannan dariyar. Ta karɓi wayata ta yi magana gajeriya. Waya ta ce: Baba, wannan ba na ƙaho ba ne, na allura ne, tashi. Ni da ban wuce ɗan cikinta ba take kira Baba, ashe haka suke ce wa yaro in suna lallashi.

Ta sassauta mazagin da na ɗaure a hankali tana yi mini faɗa, ta sa aka saro gora aka ɗaure ƙafar a jiki don kada ta motsa. Mazan nan biyu suka ɗauki Yaya. Asibitin da ke da allurar yana wani gari can ƙasan kogi, jirgin fasinja kuma sai yamma. Ba wanda ya ce ga nawa jirgin. Cikin nata aka sa shi, wato cikin ɗakinta, tsakanin tukwane da buhun shinkafa. A saitin kansa kuma akwatunan nan ne jere, kana jin motsi a ciki.

Wannan tafiyar ba zan manta da ita ba har in mutu. Maza na tuƙi da filafili, jirgi na tangaɗi, ruwa na fallatsowa. In babban jirgi ya wuce sai namu ya yi sama ya dawo. Kumburi ya wuce gwiwa. Yaya ya yi amai, na ga jini a ciki, na sa ƙafa na rufe don kada ya gani. Duk lokacin da idonsa ya fara lumshewa sai Gwaggo ta ɗalla masa mari a kumatu ta ci gaba da waƙarta ta hanci. Mutumin da jiya ya kore ta kamar kare, yau tana marinsa yana cewa, "To, to, na ji."

Can ya jawo ni kusa ya ce, "Ladan, ƙasag ga ba ta da ƙasa. In ta kasance, kak ka bari su ba kogi ni. Ka roƙi liman ko taki ɗaya na, a rufe ni awa Musulmi." Na ce, "Yaya, bar wannan magana." Ya ce, "Ka ce ma Inna ni na jawo ka, ba kai ka jawo ni ba." Na riƙe hannunsa, ya yi sanyi kamar randa.

Allah Ya kawo wani jirgin yashi mai inji. Gwaggo ta miƙe tsaye a bakin jirginta tana ɗaga gyale tana zazzaga musu magana har suka rage gudu. Aka jefa igiya suka ja mu. A ranar dai igiya ta yi amfani sau ɗaya.

Muka isa garin rana ta karkata. Aka ɗora Yaya a keken ɗaukar kaya, muna gudu a gefensa ni da ita. A ƙofar asibiti mai gadi ya bar mu muka shige, ita ya tare ta da sanda. Ta yi magana, ya girgiza kai yana nuna ƙunshinta. Na juyo zan yi rigima, ta kora ni da hannu, alamar wuce, wuce.

Likitan saurayi ne, yana jin Turanci. Ya ɗebi jinin Yaya a 'yar kwalba ya ajiye, ya duba ƙafar, ya dube ni ya ce, "Mene ne ya cije shi? Ka gani da idonka? Maganin nan ba a yin sa da ka, shi ma yana da nasa haɗarin. Faɗa mini abin da ka gani."

Na dubi Yaya. Idonsa a buɗe, yana kallona, ya gane abin da ake tambaya. Ya girgiza mini kai a hankali. Gwaggo na waje, ba mai ɗaga mini murfin akwati a nan. Likita ya ɗaga kwalbar ya karkata ta, jinin na gudana kamar ruwan zoɓo, ya ƙi daskarewa. Ya ce, "Malam, ba mu da lokaci."

Na ce, "Maciji ne."

Da Hausa ya fara fita. Sannan na faɗa da Turanci, da ƙarfi, har masu jinya suka waiwayo. Na karɓi biro na zana zoben nan a tafin hannuna na nuna masa. Yaya ya rufe ido, hawaye ya gangaro masa ta gefe. Aka tura shi ciki da gudu. Na zame a jikin bango na zauna a ƙasa, zuciyata na ce mini shi ke nan, ka karya rantsuwa, ka kashe wanda ya rene ka.

Aka yi masa allurai, aka sa masa ruwa. Jinin ya tsaya, amma likita bai saki fuska ba. Ya ce dafin irin wannan ƙoda yake bi. In Yaya ya yi fitsari, to da sauran shan ruwansa a duniya. In bai yi ba, sai abin da Allah Ya yi. Na fita ƙofa in gaya wa Gwaggo, ga waya ta mutu ba caji. Ashe ba ta buƙatar waya. Ta ɗauki butar mai gadi ta tsiyaya ruwa kaɗan a ƙasa, ta dube ni da tambaya. Na girgiza kai. Ta nuna mini wajen kogi, ta dafa ƙirjinta, wato tana can.

Na yi roƙon Allah a kan abubuwa da yawa a rayuwata, ciniki, aure, haihuwa. Ban taɓa zaton zan yi azumi da salla a kan fitsari ba. Kullum ina zaune gefen gado ina kallon wata roba da aka rataya don tara fitsarin, busasshiya ƙayau. Yaya ya kumbura har fuska, bai magana, in na yi masa sannu sai ya juya wa bango. Inna ta yi ta kira bayan na samu caji, ina ce mata muna cikin masaƙa ne, ƙara ta yi yawa. Kowace safiya in na leƙa bakin kogi, jirgin nan na nan shi kaɗai. Sauran 'yan'uwanta sun zo sun wuce, don su ba su daɗewa wuri ɗaya. Na ga mijinta na nuna mata hanya yana faɗa, ita kuma tana zaune tana tsintar shinkafa kamar ba da ita yake ba. Ta hango ni ta tsiyaya ruwa, in girgiza kai, in koma.

Wata safiya ina gyangyaɗi a kan kujera sai na ji muryar Yaya, a dishe.

"Ladan."

"Na'am, Yaya."

"Na ji ka. Ka kira ta. Gaban mutane, har da Turanci."

"Na kira, Yaya. Ka gafarce ni."

Ya lumshe ido har na zaci ya koma barci. Sannan ya ce, "To tashi ka duba abin ga, ina jin awa wani abu na zuba."

Na duba robar. Ga shi nan yana ɗiga, ja-ja, kamar shayin da ba madara. Na yi kabbara da ta tayar da duk ɗakin. Na rungumi likita, na rungumi wani tsoho mai karyayyen hannu da ban san shi ba. Yaya na cewa, "Kai, mahaukaci, rufa min asiri, fitsari na fa!"

Na fita da gudu ba takalmi. A hanya na fizgi kofin ruwa a teburin wani mai shayi, yana bi na da zagi. Na isa bakin kogi, tana tsugune tana wanke tukunya. Na tsaya inda za ta gan ni, na ɗaga kofin sama, na tsiyaye shi duka a ƙasa.

Ta saki tukunyar. Ta rufe baki da gefen gyale tana dariya har kafaɗunta na rawa, ta ɗaga hannu biyu sama ta shafa a fuska. Ta juya ta ce wa mijinta wani abu, ya tashi ya zare gorar da ta riƙe jirgin. Na shiga ruwa har gwiwa, ni da ke tsoron ruwa, ina kiran "Gwaggo! Gwaggo!" ina nuna mata ta jira in kawo wani abu. Ta kora ni da hannu kamar yadda ta yi a ƙofar asibiti, ta ce, "Baba," ta nuna mini hanyar da na fito. Na tsaya har jirgin ya sha kwana, sannan na koma, don na bar Yaya shi kaɗai kuma ya ce yana jin yunwa.